Kafin Ka Kawo Ƙaramar Mesa Gida: Yadda Ake Shirya Mata Akwati (Rubutaccen Shiri)

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda 'yan uwan da data ba ta isar su sauraron murya, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Na san wasu suna ganin kan maganar za su ce, “A'uzu billahi, yau kuma maciji?” Ku yi haƙuri ku zauna tukuna. Saƙo ne ya shigo mana daga wani ɗan uwa a Kaduna. Ya ce ƙanensa ya dawo daga Legas da 'yar ƙaramar mesa, ya sa ta a kwalin taliya, ya huhhuda kwalin da biro, ya rataya mata ƙwan lantarki a ciki, ya tura ƙarƙashin gado. Gidan haya ne, akwai yara uku, ƙaramarsu ko yaye ta ba a yi ba. An yi faɗan, an yi nasihar, yaron ya ce shi dai ba zai rabu da ita ba. Shi ne yayan yake tambaya: tunda abin ya riga ya shigo gida, yaya za a ajiye ta ba ta mutu ba, kuma ba ta jawo musu fitina ba?

Abin da ya sa na karɓi tambayar nan, na taɓa ganin yadda irin wannan ke ƙarewa. Muna jami'a akwai abokina da ke karantar ilimin dabbobi, yana da irin wannan mesa, har ni nake taya shi canja mata ruwa. Akwatinsa mai kyau ne, sai dai akwai hudar da wayar lantarki ta bi ta shiga, wadda ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Ta nan ta fita. Kwana huɗu muna nema. Ranar na biyar aka gan ta a bayan randar maƙwabta, kafin mu iso an riga an farfasa mata kai da taɓarya. Kuma gaskiya ban ga laifin matan gidan ba, uwa ta ga maciji kusa da 'ya'yanta me kake so ta yi? A satin mai gidan haya ya ba abokina takardar tashi. To kun ji dalili.

Bari mu fara da sanin wace ce ita. Turawa suna kiranta ball python, masana kuma Python regius. Mu a nan za mu ce ƙaramar mesa, ko mesa mai dunƙulewa, domin in ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta naɗe jikinta ta cusa kanta a tsakiya ta zama kamar ƙwallo. Ba ta da dafi. Matse abincinta take yi har ya mutu sannan ta haɗiye. Babbarta tana kai tsawon mita 1 zuwa mita 1 da rabi, kuma mace ta fi namiji girma. Asalinta namu ne nan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Senegal, Ghana, Togo, Benin, Najeriya, Kamaru, Chadi har zuwa Sudan da Uganda. A daji rayuwarta ta ɓoyo ce: da rana tana ramin ɓera ko cikin shuri, sai magariba ta yi take fitowa farauta. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a kan akwati daga ramin nan ya samo asali. Rami ba ya zafi sosai, ba ya sanyi sosai, akwai danshi, akwai duhu, kuma matsattse ne.

Sannan tana da tsawon rai. A hannun mai kula tana yin shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na St. Louis da ke Amurka, a 2020, wata mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai. Wato yaron da ya saye ta yana ɗan shekara 19 zai iya yin aure, ya haihu, ya aurar, tana nan. Wanda ya saya don ya ɗauki bidiyo biyu ya sa a TikTok, ya sani ya ɗauko amanar da ta fi ƙarfin bidiyo.

Kafin kafinta ya taɓa ƙusa, akwai tambayoyi uku da sai an amsa.

Ta farko: ka tabbata abin da ke hannunka ƙaramar mesa ce? Wannan ba wasa ba ne. 'Yar babbar mesa, wato irin wadda ke haɗiye akuya, tana ƙarama ba ta wuce tsawon hannu ba, amma tana girma ta haura mita 4, kuma ba ta da haƙuri irin na wannan. Mafi muni shi ne kasa. Ita ma gajeriya ce mai kauri mai zane, ga dafi mai kisa. Kan kasa faffaɗa ne mai kusurwa uku, fatarta kaushi gare ta, tana huci in an matso. Ƙaramar mesa kuwa fatarta sumul take, tana sheƙi, kuma a leɓenta na sama akwai wasu 'yan ramuka a jere waɗanda take jin ɗumin jikin ɓera da su a cikin duhu. Duk da haka kada ka dogara da bayanina ko hoton intanet. Ka kai wa likitan dabbobi ko malamin sashen ilimin dabbobi a jami'a ya duba. Ƙasar da ake da asibiti sukutum a Kaltungo ta jihar Gombe saboda saran maciji, ba ƙasar da za a yi cinikin maciji da ka ba ce.

Ta biyu: daga ina ta fito, kuma doka me ta ce? Ƙaramar mesa tana cikin rukuni na 2 na yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a 1973 don sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Tun daga shekarun 1970 an fitar da miliyoyinsu daga Afirka ta Yamma, musamman Togo da Benin da Ghana, akasari zuwa Amurka da Turai. Mafarauta ke haƙe ramuka su kwaso uwaye masu ciki da ƙwai, a ƙyanƙyashe a gona, a loda a jirgi. Shi ya sa yanzu ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin dabbobin da suka kusa shiga barazana. Najeriya ma tana da dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016. Don haka ka leƙa ma'aikatar muhalli ta jiharku, sashen gandun daji, ka ji matsayinka kafin ka kashe kuɗi. Kuma ka sani wadda aka kamo daga daji takan zo da kaska da tsutsar ciki, ta daɗe tana ƙin abinci. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ta fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba.

Ta uku: mutanen gida sun yarda? Iyaye, mata, mai gidan haya, maƙwabtan da kuke haɗa katanga. Mu al'umma ce da tun labarin rijiyar Kusugu muke da tarihi da maciji, kuma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ajiye maciji a ɓoye a gidan da ake tarayya cin amana ne. Ta fuskar addini kuma, malamai sun yi magana a kan ajiye maciji, ni ba malami ba ne, ka je ka tambayi naka. Abin da dai kowa ya sani shi ne labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Duk dabbar da ka kulle, haƙƙinta ya hau kanka.

To in an wuce waɗannan, mu zo kan akwatin.

Girma tukuna. Babbar ƙaramar mesa tana buƙatar akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ta iya miƙe jikinta. Jaririya za ta iya farawa a babbar robar ajiye kaya mai murfi mai maƙalli, amma ka sa a ranka cikin shekara biyu zuwa uku sai ka koma babba. Za ka ji ana cewa babban akwati yana tsorata ta. Ba girman ke tsorata ta ba, filin da babu wurin ɓuya ne. In ka cika shi da maɓoya da rassa da ganyen roba, lafiya lau.

Da me za a yi shi? Mafi kyau shi ne allunan roba mai kauri irin ta PVC, saboda ba ta shan ruwa kuma tana riƙe ɗumi da danshi. In babu, kafinta zai iya yi da filawud, amma a shafe cikin da fenti mai hana ruwa shiga, a bar shi a iska har sai warin ya fita gaba ɗaya, ko da zai ɗauki sati biyu. Gaban a sa gilashi, sauran ɓangarori uku a rufe. Akwatin gilashi irin na kifi mai rufin raga yana da matsala biyu: danshi na tserewa ta sama, kuma ita tana jin kamar a tsakar kasuwa aka ajiye ta. In shi kaɗai gare ka, ka rufe ɓangarori uku ta waje da kwali ko baƙar takarda, ka rufe fiye da rabin ragar. Ƙofa kuma ta gaba ta fi ta sama, domin a daji abin da ke zuwa mata ta sama shaho ne.

Yanzu maganar da ta kashe mesar abokina: mafita. Maciji ba shi da hannu, amma yana da lokaci. Dare guda zai yi yana bin kowace kusurwa da hanci yana turawa. Ƙa'idar ita ce duk inda kanta ya shiga, jikinta zai bi. Murfin da aka ɗora wa littafi ko bulo ba rufi ba ne, za ta ɗaga shi. A sa sakata, a sa kwado, makullin kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya babba. Kwadon nan aiki biyu yake yi: yana hana ta fita, yana hana yara shiga. In ƙofar gilashi ce mai zamewa, ka duba tsakanin gilasan biyu, jaririya tana bi ta nan. Hudojin iska su zama ƙanana, ƙasa da kaurin fensir in jaririya ce, a goge bakinsu kada su yanke ta. Hudar waya a toshe ta da abin da ba ya ɓamɓaruwa. Amma kada a kuskura a sa salatif ko wani abu mai danƙo a cikin akwati. In ya manne mata, da fata yake fita.

Ina za a ajiye shi? A kan tebur mai ƙarfi, ba a ƙasa ba, saboda tururuwa da kwarkwasa da kyanwa. Ba a jikin taga inda rana ke bugawa ba, domin akwatin gilashi a rana tanda ne. Ba kusa da talabijin ko sifika ba, domin tana jin girgiza ta jikinta. Ba a kicin ba, ba kusa da hayaƙin janareto ba. Sannan ga wanda mutane ba sa kawowa a rai: maganin sauro. Fiya-fiya, da na fesawa, da na kunnawa mai hayaƙi, duk guba ne a wurin maciji. Ɗakin da take ciki ba a fesa masa magani. Mai ɗakin ya nemi gidan sauro ya ɗaura.

Sai zafi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu. Da ɗumin waje take narkar da abinci, da shi take yaƙar cuta. Saboda haka ba zafi ɗaya ake ba akwatin ba, gefe biyu ake yi. Gefen ɗumi ya kasance digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi 24 zuwa 27. Ita ce za ta riƙa kai da komo tana zaɓar abin da jikinta ke so. Da dare in ya sauka zuwa 24 babu laifi. Abin ɗumama wurin a gefe ɗaya kawai ake sa shi, ko dai faifan ɗumi na lantarki da ake sawa a ƙarƙashin akwati, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ba, ko ƙwan ɗumi daga sama. In ƙwai ne, lallai a kewaye shi da ragar ƙarfe, domin za ta hau ta naɗe shi.

Ko wanne ka zaɓa, dole ya bi ta na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wuta da kanta in zafin ya kai inda ka saita. Ina maimaitawa, dole. Maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai matsa ba. Shi ya sa dutsen lantarkin nan da ake sayarwa don ɗumama ƙadangaru ba a sa mata shi. Ƙwan da ƙanen ɗan uwanmu ya rataya a kwali kuwa, yau ɗin nan a cire shi. Ko bai gasa ta ba, zai iya tayar da gobara a ƙarƙashin gado. Sannan ka sayi ma'aunin zafi na dijital guda biyu, ɗaya a kowane gefe, a ƙasa inda take kwanciya. Taɓawa da hannu ba awo ba ne.

Yawancin bidiyon da za ku gani a YouTube mutanen ƙasashen sanyi ne suka yi su, damuwarsu yadda za a ƙara ɗumi. Mu tamu ta bambanta. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Ita kuwa in zafin akwati ya wuce 35 ya daɗe a haka, tana iya mutuwa, domin ba ta da ramin da za ta gudu. To a bazara aikinka sanyaya wuri ne. Ka kashe abin ɗumi, ka mayar da akwatin ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, ka shimfiɗa tayil ko kasko a gefen sanyi, ka naɗe gorar ruwan sanyi da tawul ka ajiye a kusurwa. Da hunturu kuma labari ya juya: a Disamba da Janairu dare na sauka ƙasa da digiri 15 a wurare da yawa, a Jos abin ya fi haka. A lokacin ne abin ɗumi ke aiki, a lokacin ne kuma za a ɗauke wuta. Wanda ba shi da sola ko inbata, ya tanadi gorar ruwan ɗumi da zai naɗe da tsumma ya jingina, ya lulluɓe akwatin da bargo amma ya bar hudojin iska. Kada a kai gawayi ko risho kusa da ita. In ka san ba za ka iya tashi ƙarfe 2 na dare don wannan ba, to ka sake tunani tun yanzu.

Bayan zafi sai danshi. Ana so ya zauna tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin 100, in za ta yi saɓa a ɗaga shi zuwa 70 ko 80. Da hunturu iskar arewa na bushewa har ƙasa da kashi 20, irin lokacin da leɓenmu ke tsagewa. A irin wannan iska saɓarta ba ta fita gaba ɗaya, sai ta maƙale guntu-guntu, musamman a ido da ƙarshen wutsiya, kuma numfashinta na iya samun matsala. Akwai ma'aunin danshi na dijital, sau da yawa a haɗe yake da na zafi. Maganin bushewa yana cikin shimfiɗa. Mafi dacewa ita ce ɓawon kwakwa da aka daddatsa ko zarensa, a zuba kaurin santimita 7 zuwa 10. Ba feshi ake yi ta yi a sama ba, ruwa ake zubawa a kusurwoyi ya jiƙa ƙasa, saman ya zauna a bushe. Da damina kuma a rage ruwa a ƙara iska, domin kwanciya a jiƙaƙƙen wuri na sa fatar cikinta ta yi ƙuraje ta fara ruɓewa. Yashi zalla bai dace ba. Garin katako na wurin masu yankan katako ma a bar shi, ba ka san itacen da aka yanka ko maganin da aka sa masa ba, kuma man da ke cikin wasu itatuwa masu ƙamshi yana cutar da ita.

Sai maɓoya. Aƙalla biyu, iri ɗaya, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Me ya sa iri ɗaya? Domin in ɗaya ta fi ɗaya tsaro, a can za ta tare ko da zafin wurin bai yi mata ba. A wurinta tsaro na gaba da komai. Maɓoyar ta zama matsattsiya, jikinta na taɓa bango, ƙofa ɗaya, ciki da duhu. A nan ba sai ka sayi kayan waje ba. Kasko ko 'yar tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata ƙofa aka goge bakin sumul ta wadatar, ƙwarya ma tana yi in dai ana duba ta saboda fumfuna. Ka ƙara ta uku mai ɗan jiƙaƙƙen tsumma ko zaren kwakwa a ciki saboda lokacin saɓa. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi wanda ba za ta kifar ba, mai faɗin da za ta iya shiga, a canja ruwan kullum ko bayan kwana biyu. A sa reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, domin tana hawa, musamman namiji da ƙanana. Reshen a kankare shi, a zuba masa tafasasshen ruwa, a shanya ya bushe. Haske kuwa, awa 12 na rana da awa 12 na duhu. Ba a bar mata fitila a kunne duk dare. Kuma mesa ɗaya a akwati ɗaya, ba ta neman abokiyar hira.

In ka gama haɗa komai, kada ka sa ta tukuna. Ka bar akwatin yana aiki babu kowa a ciki kwana 3 zuwa 7, kana rubuta awo da asuba, da azahar, da tsakar dare. A nan za ka gane ko da rana yana wuce ƙima, ko da dare yana faɗuwa. Gyara a akwatin da babu rai a ciki ya fi sauƙi. Ɗan uwanmu na Kaduna, tunda taku ta riga ta iso, ku samo robar ajiye kaya mai maƙalli yau, a huda mata ƙananan hudoji, a sa maɓoya biyu da ruwa, ta zauna a nan kafin kafinta ya gama.

Makonnin farko a shimfiɗa mata farar takarda maimakon ɓawon kwakwa. Dalili shi ne a kan fari za ka ga kashinta, kuma za ka ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini, kamar ɗigon barkono, waɗanda ke maƙalewa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa. In ka ga ta tare a kwanon ruwa ba ta fita, ka duba su, ka kuma duba zafi. Satin farko ba ɗauka, ba nuna wa abokai, ba hoto. A bar ta ta san wuri. Bayan kwana 5 zuwa 7 a gwada abinci.

Abincinta ɓera ne, wanda kaurinsa bai wuce inda jikinta ya fi kauri ba. Ƙarama na ci duk bayan kwana 5 zuwa 7, babba bayan kwana 10 zuwa 14 ko fiye. Amma ku saurara da kyau, ba ɓeran gida ba. Na farko, wataƙila ya ci shinkafar ɓera, gubar ta wuce cikinta. Na biyu, kuma wannan ya shafi ranku ne ba nata ba: ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa yana cikin ɓerayen da ke shiga gidaje da rumbuna a ƙasar nan, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Kada yaro ya je yana kama ɓera da hannu don ciyar da mesa. A nemi masu kiwon fararen ɓeraye irin na ɗakin gwaje-gwaje. Kuma wanda aka riga aka kashe aka daskarar ya fi, a narkar da shi a leda cikin ruwan ɗumi, a miƙa mata da dogon hantsaki. Ɓera mai rai in aka bar shi da ita ba ta ci ba, shi zai koma yana gwaguyar ta. A ware masa mazubi mai murfi, kada ya haɗu da naman miya. In ta ci, awa 48 ba a ɗaukarta, in ba haka ba za ta amayar. In kuma ta ƙi ci, kada hankali ya tashi, an san ta da yin makonni ba ta ci ba. Ka duba zafi da maɓoya tukuna, ka riƙa auna nauyinta duk wata. In tana ramewa, ko kana jin numfashinta na fito, ko kumfa a baki, ko tana buɗe baki tana ɗaga kai sama, wannan na likitan dabbobi ne, ba na tambaya a Facebook ba.

Na ƙarshe, tsafta, saboda jaririyar gidan nan. Macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma a jikin mutum tana kawo zawo da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu ciki, da tsofaffi. Duk wanda ya taɓa ta ko kayanta ya wanke hannu da sabulu. Ba a wanke kwanonta inda ake wanke kwanukan abinci. Ba a sake ta ta yi yawo a tabarmar da yaro ke rarrafe. Yaran nan uku kada su taɓa ta sam, kuma akwatin ya bar ɗakin da suke kwana.

To ɗan uwa, ka zaunar da ƙanenka ka karanta masa wannan daga farko har ƙarshe, ku ɗauki biro ku yi lissafin kafinta, da na'urar daidaita zafi, da ma'aunai, da ɓeran shekara guda. In ya ga zai iya, kuma iyaye da mai gida sun amince, kuma hukuma ba ta hana ba, Allah ya taimaka. In ya ga ba zai iya ba, babu abin kunya. Amma kada ya kai ta bayan gari ya yar, kada kuma ya miƙa wa gardi. Ya tuntuɓi gidan namun daji mafi kusa ko sashen ilimin dabbobi na jami'a ya ji ko za su karɓa.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa kiwon irin wannan, ko likitan dabbobi da ke bibiyarmu, ya ajiye mana gyara ko ƙari a ƙasa, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin saye.